Boswaja da Fijo 504 a Samaru da Sabon Garin Zariya

Volkswagen Beetle, wadda aka fi sani da Boswaja, da Peugeot 504, wadda kowa ke ce wa Fijo, suna sahun gaba cikin ƙananan motocin da suka cika titunan Zariya daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa ƙarshen shekarun 1980. Ba tsarar juna ba ne. An tsara Boswaja a Jamus tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ita kuwa 504 sai da aka shekara 30 bayan haka ta fito a Faransa. Abin da ya haɗa su zamani ɗaya a ƙasar nan shi ne shawarar da gwamnatin tarayya ta yanke ta a riƙa harhaɗa su a gida, aikin da aka soma a 1975, Boswaja a Legas, Fijo a Kaduna. A Zariya labarinsu ya rataya ne a kan wurare biyu: Samaru, inda masu albashi suka saye su sababbi, da Sabon Gari, inda aka gyara su, aka sayar da kayan gyaransu, aka kuma sa su neman kuɗi.

Jirgin ƙasa ne ya haifi Sabon Gari. Layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, daga baya aka ja reshe zuwa Jos, wani kuma zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Turawan mulki suka keɓe fili kusa da tasha, a wajen ganuwar birni, domin ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu. Kamfanonin sayen auduga da gyaɗa suka kafa kantuna a nan kusa, har yau ma ana kiran wani yanki PZ da sunan ɗaya daga cikinsu. Sana'o'in ƙarfe da inji a nan suka yi saiwa. Samaru kuwa, mai nisan kimanin kilomita 10 daga Sabon Gari a kan hanyar Funtuwa da Sakkwato, gonar gwajin aikin noma da aka kafa a farkon shekarun 1920 ce ta fara ɗaga sunansa, sannan Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe ran 4 ga Oktoba 1962 ta mai da shi garin malamai. Wannan tazara ce ta sa mota ta zama larura ga ma'aikacin jami'a. Gidansa na Samaru, babbar kasuwa da tashar jirgi suna Sabon Gari, asibitin koyarwa a lokacin yana Tudun Wada, wani sashen jami'ar kuma yana Kongo.

Asalin Boswaja umarni ne na siyasa. A 1934 gwamnatin Hitler ta ɗora wa injiniya Ferdinand Porsche aikin ƙera motar da ƙaramin ma'aikaci zai iya saya, wadda za ta ɗauki miji da mata da 'ya'ya uku, ta yi gudun kilomita 100 a awa ɗaya, ba ta kuma shan mai da yawa. An aza harsashin masana'antarta a 1938 a wurin da ya zama garin Wolfsburg. Sai yaƙi ya ɓarke, masana'antar ta koma ƙera motocin soja da ƙwadagon tilas, kuma ɗimbin Jamusawan da suka yi ta zuba kuɗi mako-mako don su mallaki motar ba wanda ya samu tasa. Bayan 1945 wani hafsan sojan Ingila, Manjo Ivan Hirst, ya tayar da masana'antar daga kufai. Daga 1948 Heinz Nordhoff ya karɓi ragama, ya tsaya a kan manufa ɗaya: a riƙe mota guda, a yi ta inganta ta kaɗan-kaɗan, ba a taɓa siffarta ba. A 1955 aka ƙera ta miliyan ɗaya, a Fabrairun 1972 kuma ta zarce adadin mota miliyan 15 da Ford Model T ta kafa. Kamfanin Mandilas ne ya yi dillancinta a Najeriya tun kafin mulkin kai.

Duk ƙirarta an gina ta ne a kan rage kaya. Injinta na baya, mai silinda huɗu a kwance, biyu na fuskantar biyu. Ba ta da lagireto, domin iska ce ke sanyaya injin: fanka ce ke hura ta ta kan silindojin da kan wani ɗan abin sanyaya baƙin mai. Saboda haka ba ruwan da zai tafasa, ba tiyo da zai fashe a tsakiyar daji. Da yake injin da giya suna manne da tayoyin baya, ba a buƙatar dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi daga gaba zuwa baya. Ƙarƙashinta shafaffe ne, nauyinta bai wuce kilo 800 da 'yan kai ba, kuma nauyin injin da ke danne tayoyin baya yana sa ta fita daga taɓo ko yashin da kan riƙe motar da ta fi ta girma. Ƙaramin injinta na 1200 ƙarfin doki 34 ne kacal, na 1500 kuma 44. Tankin mai yana gaba, tare da safaya da ɗan wurin kaya da akwati biyu ke cikawa. Batir yana ƙarƙashin kujerar baya. Ƙofa biyu gare ta, duk mai shiga baya sai an kwantar masa da kujerar gaba.

Fijo 504 ta fito ne daga wani tunani daban. Lokacin da aka nuna ta a Faris a Satumban 1968, Turai ta warke daga yaƙi, mai saye ya fara neman daɗin zama da sauri da wadatar wuri. Gidan zane na Pininfarina a Italiya ne ya tsara jikinta, aka ƙera ta a Sochaux, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Injinta na gaba, ruwa ke sanyaya shi, yana tura tayoyin baya. Ya fara da lita 1.8, daga 1970 aka ƙara mai lita 2, wanda ƙarfinsa ya haura doki 90, wato ninki biyu na babbar Boswaja. Amma abin da ya sa ta karɓu a Afirka ba gudu ba ne, ƙafafu ne. Sifirin ɗinta dogaye ne masu laushi, suna haɗiye rami da gargada ba tare da jijjiga na ciki ba, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi baya kuma yana cikin wani bututu mai kauri da ke kare shi. A 1971 aka fito da wagon, ciki har da mai layin kujeru uku, a ƙarshen shekarun 1970 kuma a-kori-kura. Ba ta shigo a baƙuwa ba, domin yayarta 404, wadda ta fito a 1960, ta riga ta yi wa tambarin zaki suna a wurin direbobin haya. A 1975 Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da 504, gasar da ake yi a kan hanyoyin ƙasa irin waɗanda direban karkara ya saba da su.

Abubuwa uku ne suka share wa motocin biyu hanya. Na farko, ran 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, abin da ya yi wa motocin Faransa da Jamus daidai, ya kuma rage kasuwar motocin Ingila irin su Morris da Austin da aka gada daga zamanin Turawa. Na biyu, kuɗin man fetur da ya ɓarke bayan 1973. Na uku, ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a farkon 1975 haɗe da bashin watannin baya a dunƙule. A daidai wannan lokaci masana'antun biyu suka fara aiki. An yi wa Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, rajista a Disamban 1972, Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antarsa a Kakuri cikin Maris 1975. Volkswagen of Nigeria kuma ya zauna a Ojo, kan hanyar Badagry, yana harhaɗa motocin Boswaja da Igala da Passat, yawancin kayan daga Brazil.

Zariya ta ga Fijo tun tana cikin akwatuna. Tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe a 1975 saboda jiragen siminti da suka yi jerin gwano na watanni, don haka aka riƙa ɗauko sassan motar ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, manyan motoci su kwaso su zuwa Kaduna ta hanyar da ke ratsa Zariya. A farkon shekarun 1980 PAN yana fitar da mota fiye da 50,000 a shekara. Kusancin nan, kimanin kilomita 80 tsakanin Kaduna da Zariya, ya ba Fijo fifikon da Boswaja ba ta taɓa samu ba a arewa: dillali kusa, kayan gyara kusa, ma'aikatan da suka koyi aiki a masana'anta su ma kusa.

Bayan kisan Janar Murtala Muhammed ran 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta bi tsarin rage ƙawa, ta sa manyan jami'ai su bar Marsandi su shiga 504. Daga nan Fijo ta zama motar hukuma, ta kwamishina da babban sakatare da ɗan sanda da motar ɗaukar marasa lafiya. A Samaru sai motocin biyu suka zama matakala. Ma'aikacin da ya kai wani matsayi yana da haƙƙin rancen mota da ake cira daga albashinsa a hankali, tare da alawus na kula da ita. Matashin da ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, aka ɗauke shi ƙaramin malami, rancensa Boswaja yake iya saya. Babban malami ko farfesa ko shugaban sashe shi ke sayen Fijo salun, mai iyali da yawa ya nemi wagon. Haka abin yake a cibiyar binciken noma, da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, da barikokin soja. Ga 'ya'yan manoma da yawa da suka yi boko, Boswaja ce motar farko da aka taɓa mallaka a danginsu, kuma wannan ba ƙaramin matsayi ba ne a tarihin garin. Araha ba ta ado, amma ta kai yara makaranta, ta kai mai naƙuda Tudun Wada da tsakar dare, ta kai iyali ƙauye ranar salla.

Sai dai an auna Boswaja ne da iyalin Bajamushe mai 'ya'ya uku da akwati biyu. Gidan Bahaushe ya fi haka yawa, kuma tafiyarsa ba ta rabuwa da kaya: buhun masara daga gona, kayan gara, ƙannen uwargida, maƙwabcin da aka tarar a bakin titi ba a iya wuce shi. Ƙofa biyu takura ce ga dattijo mai babbar riga da rawani, ga tsohuwa, ga mace mai goyo. Da zarar albashi ya ƙaru ko iyali sun yawaita, sai mai Boswaja ya fara hangen Fijo.

A tasha ne bambancin ya fito fili. Boswaja ba ta zama motar haya ta dogon zango ba, domin ba wurin fasinja, ba wurin kaya. Fijo wagon kuwa ita ce ta riƙe hanyoyin Zariya zuwa Kano, Kaduna, Funtuwa, Gusau, Sakkwato da Jos shekara da shekaru. An yi ta ne don mutum bakwai, amma 'yan kamasho kan ƙara mutum a gaba da tsakiya, a cika bayanta da kaya har murfi ya ƙi rufuwa a ɗaure shi da igiya. Tana ɗauka, ta kuma yi gudu da shi, domin tayoyin bayanta suna kan ƙarfe guda mai ƙwari, da sifirin bibbiyu kowane gefe. A-kori-kura ta kama kasuwannin ƙauye, tana kwaso hatsi da tumatir da barkono da rake daga Giwa da Hunkuyi da Maƙarfi da Soba. Da haka mota ɗaya ta ciyar da mai ita da direba da yaron mota da ɗan kamasho da mai faci. Ba a Najeriya kaɗai ba, haka take a tashoshin Maraɗi da Damagaram har zuwa Senegal.

Wannan ƙarfi yana da nasa hatsarin, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Mota mai iya gudun kilomita 150 a awa, cike da mutane fiye da ƙima, a kan titi mai hannu ɗaya kamar yadda hanyar Kaduna zuwa Kano take kafin a raba ta biyu, ta ci rayuka da yawa. Yawan haɗurra a manyan hanyoyi ne ya sa aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya a 1988. Boswaja ma tana da nata aibun. Gabanta ba nauyi, iska mai ƙarfi ko wucewar babbar mota kan karkatar da ita, tankin mai kuma yana gaban ƙafafun direba. Idan kujerar baya ta lotsa, ƙarafanta na iya taɓa kan batir su tayar da wuta.

A garejojin Sabon Gari kowace mota da makanikanta, mai Boswaja ba ya kai wa mai Fijo. Aikin Boswaja na ƙwarewar hannu ne. Ƙusoshi huɗu ke riƙe da injin, makanike da yaransa kan sauke shi ƙasa cikin ɗan lokaci su yi aiki a kansa a fili. Amma tana da sharuɗɗan da ba ta yafewa. Bel ɗaya ne ke juya fanka, idan ya tsinke direba bai lura da jar fitila ba, injin zai ƙone cikin mintoci. Baƙin manta kaɗan ne, kimanin lita biyu da rabi, kuma ba ta da matatar kirki sai 'yar raga, don haka dole a riƙa juye shi a kai a kai, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke shiga ko'ina. Bawul ɗinta na son a riƙa daidaita su. Akwai kuma faifan ƙarfe da robobin da ke kewaye injin don kada iska mai zafi ta komo ciki. Idan aka yar da su wajen gyara, aka ce ba su da amfani, zafin bazara na watan Maris da Afrilu kan gama da injin. Mota ce mai sauƙi, amma ta mai kula.

Fijo ta fi haƙuri da sakaci, ta kuma fi karɓar gyara bayan ta gaji. Ramukan da fistin ke kai-komo a cikinsu bututu ne da ake zarewa a sa sababbi, don haka injin da ya fara hayaƙi ana sake masa bututu da fistin da zobba ya dawo kamar sabo, sau biyu ko sau uku a rayuwarsa. Rauninta yana wajen ruwa: lagireto mai yoyo, ruwan rijiya mai laka da ke toshe shi, da kan inji da ke lanƙwashewa idan ya yi zafi. Duk waɗannan makaniken bakin titi ya san maganinsu. Sassa da yawa kuma suna shiga tsakanin salun da wagon da a-kori-kura, har da wasu na Fijo 404 da 505, saboda haka motar da ta mutu takan zama rumbun kayan gyaran 'yan'uwanta. 'Yan kasuwar kayan mota na Sabon Gari, waɗanda Ibo suka fi yawa a cikinsu, suna da hanya har Legas da Nnewi, abin da babu a nan kuma a same shi a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Yaro kan shiga gareji yana ɗan shekara goma sha, ya fara da wanke ƙusoshi a fetur da miƙa sifana, ya shekara biyar ko fiye kafin a yaye shi. Ta wannan hanya ilimin Fijo ya bazu daga hannun Yarabawa da Ibo zuwa matasan Hausawa na Tudun Wada da Muciya da Samaru.

Faɗuwar farashin man fetur a farkon shekarun 1980 ce ta raba makomar motocin. Gwamnatin Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982, lasisin shigo da kaya ya yi wuya, masana'antun biyu kuma sun dogara ne da sassan da ake sayowa da kuɗin waje. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin SAP na gyaran tattalin arziki, darajar naira ta zube. Nairar da ta fi dala daraja a 1980 ta koma ana ba da da yawa kafin a sami dala ɗaya. Farashin sabuwar mota ya yi tashin gwauron zabo, albashi bai bi shi ba, rancen mota ya zama bai isa ya sayi komai ba. Boswaja dama ba ta da mai saye sai ƙaramin ma'aikaci, da ya faɗi sai ta faɗi tare da shi, aikin masana'antar Ojo ya yi ta ja da baya har ya tsaya. PAN ya rage aiki ƙwarai amma bai rufe ba, domin gwamnatoci sun ci gaba da saye. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tsohuwar Fijo tana da rai na biyu: wadda ofis ya yi gwanjonta, ko malami ya sayar don ya biya kuɗin makarantar yara, takan faɗa hannun direba ta shiga layi a tasha. Akwai ma ma'aikatan da suka riƙa kabu-kabu da tasu bayan an tashi aiki.

Daga shekarun 1990 motocin da aka yi amfani da su a Turai suka fara kwararowa ta Kwatano, masu arahar saye da ƙarancin shan mai, acaɓa kuma ya karɓe zirga-zirgar cikin gari tare da ƙananan bas-bas da ke jigila tsakanin Samaru da Sabon Gari. Motar da ta ture wagon daga layin Kano da Kaduna ta gidan Volkswagen ce, wato Golf, wadda kamfanin ya fito da ita a 1974 don ta gaji Boswaja, da inji a gaba mai sanyaya da ruwa. Jamus ta daina ƙera Boswaja mai rufi a Janairun 1978, ta ƙarshe a duniya ta fito daga Puebla ta ƙasar Meziko ran 30 ga Yuli 2003, bayan an yi fiye da miliyan 21. An daina 504 salun a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, tana cikin wurare na ƙarshe a duniya da suka yi haka. A 2006 aka sayar da hannun jarin gwamnati a PAN ga 'yan kasuwa.

Yau da wuya a ga Boswaja tana tafiya a Zariya. Yawancinsu sun ƙare a hannun 'yan gwangwan, 'yan kaɗan da suka rage suna ajiye a gidajen tsofaffin ma'aikata, makanikan da suka san injinta kuma sun tsufa ba su bar magada da yawa ba. Fijo salun da wagon su ma sun ja baya daga manyan hanyoyi, amma a-kori-kura tana nan tana aiki ranakun kasuwa, tana ɗaukar itace da bulo da hatsi a hanyoyin ƙauye da ƙananan motocin Kwatano ba sa jurewa, kuma har yanzu ana samun kayan gyaranta a Sabon Gari.